Tsinkar Zogale a Ɗakin Madam

Ban taɓa zama kan bencin aji ba, amma na fi shekara talatin a bakin ƙofar lakwal, wato makarantar boko. Kwaɗon zogale nake sayarwa a gindin wani bedi, itacen da wasu ke ce wa darbejiya, gaban wata kwalej a nan Maraɗi. Da yamma ake sauke mini buhun ganye daga Jiratawa, in tsinke, da asuba in dafa, in kwaɗa da ƙuli da albasa da tumatir, idan aka buga ƙarfen fita na hantsi yara su yanyame ni. Ƙanwata ce ke riƙe da biro yanzu, ita ta yi lakwal. Ni ke faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Wata ranar Litinin, bayan hutun tsakiyar shekara, surbeyan ɗin lakwal, wato mai kula da ladabin yara, ya zo har gindin bedi ya miƙo mini takarda. Mushe muke ce wa mazan da ke aiki a lakwal, kiran girmamawa ne na Faransanci.

Na ce, “Mushe, ka san ni da takarda sai naɗe ƙuli. Karanta mini.”

Ya karanta, ya mayar mini da Hausa. Jikata ce. Sau biyu ke nan ana jarrabawa tana miƙa takarda fara fes, ko sunanta ba ta rubutawa. Makinta ya faɗi ƙasa warwas. Idan aka kai ƙarshen shekara a haka, malamai za su zauna su kore ta.

“Iya, ki yi mata faɗa,” in ji shi. “Ko ki ba ni ita kwana biyu. Taurin kai ne.”

Na ce, “Ka taɓa ta, sai mun kwana a gaban mai unguwa ni da kai.”

Yarinyar nan shekararta goma sha huɗu a lokacin. Sunan mahaifiyata aka sa mata, saboda haka Uwata nake ce mata. Ubanta shi ne ɗana na fari. Kabu-kabu yake yi, yana zaune a Tsibiri da iyalinsa, kullum da safe ya goyo ta a moto, wato babur, ya sauke ta a ƙofar lakwal, sannan ya shiga gari neman fasinja. Farkon wannan shekarar, suna kan hanya da safe, wani kamyo, babbar motar kaya, ya kauce wa amalanke ya haɗa da su. Shi ko likita bai kai ba. Ita aka tsince ta a cikin yashi da ƙujewa a gwiwa, jakarta na bayanta. Da uwarta ta gama takaba ta koma gidansu a Jiratawa, ni kuma tun bayan makoki na ɗauko yarinyar saboda gidana ya fi kusa da lakwal, da ƙafa ma ana zuwa. Dole ma da ƙafar, don tun ranar ko kusa da moto ba ta yarda ta tsaya.

A gida ban ga abin tuhuma ba. Tana cin abinci, tana shara, tana salla a kan lokaci. Magana ce kawai ta ragu, ni kuwa na ɗauka hankali ne ya zo. Yarinyar da a da malamanta ke tsayawa wurina su ce, “Iya, jikarki ta ci ta biyu,” ita ce yanzu ke zama gaban takarda awa biyu tana kallon ta.

Irin waɗannan yara na sha ganin su, tun kafin a haifi Uwata. Mai sayar da abinci a ƙofar lakwal ta fi diraktan sanin wanda wani abu ke damu. Na san wanda ya saba cinye kwano ya lashe, yau ya tsakura ya ture. Na san wadda ke saye ta koma bayan katanga ta ci ita kaɗai. A farkon zuwana magani ɗaya ne, bulala. Yaro ya yi shiru a doke shi, ya yi barci a doke shi, ya yi kuka a ƙara masa na kukan. In bulala ta gaza sai a kira uba a ce kan yaronsa ba na karatu ba ne. Akwai wani da ba na mantawa, siriri, mai i’ina, wanda uwarsa ta rasu. Fitsari ya riƙa kufce masa a aji. Aka durƙusar da shi a rana tsakar fili har ya daina zuwa. Yanzu yana tura baro a kasuwa da furfura a gemu, in ya gan ni sai ya kau da kai. Ban ce komai ba a lokacin. Na ce ni wace ce, mai zogale.

Bayan shekaru aka yi wata malama mai ƙiba da ke koyar da lissafi. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya sa ta, amma ƴan mata ke bin ta har gida su faɗa mata abin da ba su faɗa wa iyayensu. Aka canza mata gari, abin ya tafi da ita. Sai mutanen wani proje, irin shirin ƙungiyoyin agaji, suka zo da farar mota. Suka shafe wani ɗaki da shuɗin fenti, suka kafa allo a ƙofa, aka tara mu iyaye aka ce ɗakin saurare ne, duk yaron da ke da damuwa ya shiga a saurare shi. Aka raba lemo, aka ɗauki hoto. Ba a yi damina uku ba projen ya ƙare, motar ta daina zuwa, ɗakin ya zama ma’ajiyar karyayyun bencuna. Ina kallo akuya ta haihu a ciki.

Shekara biyu kafin zancen Uwata aka sake share ɗakin, aka kawo wata matashiya. Sikolog ake ce wa aikinta, mu dai Madam muke ce mata. Ɗiyar wani babban alhaji ce na nan garin, masu fataucin yadi, karatu ya kai ta Yamai har ya wuce da ita gaba. Talata da Alhamis take zuwa, sauran kwanakin tana wasu lakwal ɗin. Yara kuwa sun riga sun raɗa wa wurin suna, ɗakin mahaukata. Laifin ma ba nasu ba ne. Ƙofar tana kallon tsakar fili, kuma idan Madam na son ganin yaro, surbeyan ake ba sunan, shi da ke kiran masu laifi, ya tsaya da bulalarsa a hannu ya kwaɗa kira kowa na ji. Wane yaro ne zai shiga da ƙafarsa?

Da daddaren da aka ba ni takarda ban ce wa Uwata komai ba. Washegari ɗana na biyu, kawunta ke nan, mai sayar da hatsi, ya zo gaishe ni na faɗa masa.

Ya ce, “Inna, a cire ta tun ba a kore ta ba. In sa ta wurin ɗinki. Lakwal ɗin nan ita ta ci ubanta, mi za ta ƙara samu a ciki?”

“Lakwal ce ta tuƙo kamyon?”

“Ba haka nike nufi ba.”

“To nufi abin da ka faɗa. Ubanta shekara nawa yana tashi da asuba don ya kawo ta? Ba don ɗinki yake yi ba.”

“An yi mata rubutu ta sha, an yi sauka. Mi ya rage?”

Gaskiya ne, an yi, kuma ni na sa aka yi, ban raina shi ba har gobe. Na ce abin da ya rage shi ne ɗakin Madam. Ya zaro ido.

“Ɗakin mahaukata? Inna, ɗiya mace ce fa. Gobe a ce a gidanmu akwai taɓin hankali, wa ya san inda maganar za ta tsaya?”

Na ce, “Duk wanda ya faɗa ka turo mini shi gindin bedi. Ina nan kullum ban da Lahadi.”

Ran Talata na rufe kwanona da faifai, na kama hannun Uwata da kaina, muka ratsa tsakar fili yara na kallo. Ban bari surbeyan ya kira sunanta ba. Wani ya yi dariya, na juya na dube shi har ya haɗiye ta.

Madam ta tarbe mu da fara’a. Teburi ne a tsakiya, kujera nan, kujera can, takarda da biro a gabanta. Ta zaunar da yarinyar tana fuskantar ta, ta sunkuyo, ta ce, “Ƙanwata, dube ni. Kada ki ji tsoro, dubi idona. Faɗa mini yadda kike ji a ranki.”

Uwata ta ƙara sunkuyar da kai. Madam ta rubuta wani abu. Ta sake tambaya, ta sake rubutawa. Haka aka yi ranar, haka aka yi ran Alhamis, haka aka yi Talatar da ta biyo. Kalma ɗaya aka samu, “Lafiya lau.”

A karo na uku, da yarinyar ta koma aji, na ƙi tashi.

Na ce, “Madam, mi kike rubutawa in ta sunkuyar da kai?”

Ta ce tana rubuta cewa yarinyar na gudun haɗa ido, kuma alama ce.

“Alamar mi? Alamar an yi mata tarbiyya? Ke a gidanku kina tsayawa ki zuba wa Alhaji ido cikin ido ki faɗa masa abin da ke ranki?”

Ta yi ƴar dariya. “Ko da wasa, Iya.”

“To don mi kike nema a wurin ɗiyar mutane? Kin sa ta gabanki kamar alƙali, ga teburi, ga biro. Biron nan shi take gudu a aji, ta zo nan ta tarar da shi.”

Na ga ranta ya sosu. Ta ce ita shekara biyar ta yi tana koyon aikin nan. Na ce ni ban yi ko kwana ɗaya ba, amma duk wata magana mai nauyi da na taɓa ji daga bakin mace, ban ji ta muna kallon juna ba. A bakin turmi na ji ta, ko wurin kitso, mai faɗa na kallon ƙasa mai ji na kallon ƙeya. Ko wurin tsinkar zogale. Hannu na aiki, ido na kan tire, ba mai kallon kowa, sai ka ji bakin ya buɗe da kansa. In maganar ta yi zafi sai a ce kai, wannan ganyen duk tsutsa, a huta, a dawo.

Ta ce za ta yi tunani. Ni ban jira tunaninta ba. Ran Alhamis na shigo da tabarma a hammata da rabin buhun zogale a ka. Diraktan lakwal, wani dogo mai son a ga takalminsa na sheƙi, ya tare ni a fili.

“Iya, ina za ki da wanga kaya? Nan lakwal ce, ba madafa ba.”

Na ce, “Mushe, ɗakin nan akuya ta haihu a ciki kana nan ba ka ce komai ba. Ganye ne zai ɓata shi?”

Madam ta leƙo ta ce ita ta aike ni. Ba ita ta aike ni ba, amma tun ranar na san akwai mutum a cikin rigar nan.

Muka ture teburi jikin bango, muka shimfiɗa tabarma. Madam ta tuɓe takalmi ta zauna, ba ta iya ba, tana tsinkowa da karare. Na kira Uwata na ce ta zo ta taya ni aiki, hannuna na ciwo. Ta zauna gefen Madam, ta jawo tire. Ni ma na gyara zama na miƙe ƙafa.

Sai Madam ta ce, “Iya, yanzu sai ki ba mu wuri.”

Na ce, “Wa?”

“Ke. Abin da aka faɗa a ɗakin nan nata ne. Ko diraktan ba ya ji, ko ke, sai in ita ta yarda.”

“Zogalena, tabarmata, jikata, ki ce in fita?”

“Ki fita, Iya.”

Na fita ina huci. Na koma gindin bedi na yi wa wani yaro tsawa a kan abin da bai kai ba. A raina na ce wannan wace irin al’ada ce, a ɓoye wa babba maganar yaro? Ni na kawo dabarar, an karɓe an kore ni. Yanzu na san da na zauna, da har yau muna nan muna tsinkar ganye ba a ce uffan ba. Ita ma da abin da ta sani wanda ban sani ba.

Sati huɗu ana haka. Talata da Alhamis in kai ganye, in dawo in tarar an tsinke. Na Uwata tsaf, na Madam sai na sake bi. Ban tambayi yarinyar ba, ita ma ba ta ce ba. Abin da na lura da shi kawai, ran da ta shiga ɗakin takan dawo ido jawur, ta ci abinci da yawa. Madam kuma ta sa aka hana surbeyan kiran suna a fili, ta sa aka buɗe tsohuwar ƙofar baya ta wajen famfo. Daga nan na fara ganin wasu yaran na zuwa shan ruwa suna daɗewa.

Ran wata Alhamis Madam ta zo da kanta gindin bedi. Ta ce yarinyar ta yarda in shigo, akwai abin da take son in ji, amma in yi alƙawari ba zan katse ta ba. Na ce ni ba na katse mutane. Ta dube ni kawai.

Na shiga na zauna, na jawo ganye. Mu uku a jere, kowa na kallon tire. Muka yi ta tsinka. Can Uwata ta yi magana, muryar ƙasa ƙasa.

“Kaka, ran zaman makoki na ji wata mata ta ce da bai ɗauko ni lakwal ba da yana nan.”

Na buɗe baki, Madam ta taɓa mini gwiwa. Na rufe.

“Kuma ranar ni na makarar da mu. Na manta kayena, littafin rubutun lissafi, muka koma. Da ba mu koma ba da kamyon ya wuce.” Ta tsinki ganye biyu, uku. “In na ɗauki biro sai in ji kamar ina cin abin da aka saya da ransa.”

Ta ci gaba da tsinka. Na ɗauka ta gama. Ashe babbar na baya.

“Kuma ke ba ki yi kuka ba. Ba ki taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. In an yi zancensa sai ki tashi. Na san haushina kike ji, kina dai riƙe ni ne don babu yadda za ki yi.”

Wallahi ganyen da ke hannuna ban san lokacin da ya zube ba.

Wanda ba a nan ya tashi ba sai an yi masa bayani, har ma yaran yanzu na nan ɗin. Mu a yadda aka rene mu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi. Ni a Tsibiri na haife shi ina yarinya, uwar mijina ta ɗauke shi da aka yaye shi, in ya faɗi a gabana sai dai in kau da kai wata ta ɗaga shi. Shekara arba’in da wani abu ina ce masa “wannan” ko “yaron nan”, da ya haihu na koma “uban Uwata”. Ran da aka kawo gawarsa mata suka zuba mini ido su ga ko zan karaya, ban karaya ba, aka yi ta yabona, aka ce ga mace. Uwata kuma duk wanda ya zo sai ya ce mata ta yi haƙuri, ta daina kuka, hawaye na ƙona mamaci. Muka haɗu muka toshe wa yarinya kowace ƙofa, muna ganin daidai muke yi. Ni da nake taƙamar ina gane damuwar ɗan wani daga yadda yake cin kwaɗo, ta cikin ɗakina wata shida tana kwana da wannan ban gani ba.

Na ce, “Madam, yanzu an yarda in yi magana?”

Ta ce an yarda.

Ban dubi Uwata ba, tire na duba. Na kira sunansa. Sunan yanka, wanda liman ya raɗa masa. Bakina bai saba ba, ya fito kamar na baƙo, sai na sake kira. Ba zan sa a rubuta shi a nan ba, na yarinyar ne. Na ce mata tun yana ɗan shekara bakwai ba a taɓa fita da shi ba a koma ɗauko wani abu ba, in ba hula ba takalmi, mantuwa a wurinsa ta gado ta. Na ce mata kwana uku kafin ya rasu ya tsaya gindin bedi ya ci kwaɗo bai biya ba kamar kullum, ya ce mini, “Inna, wannan ɗiyar sai ta zama likita ko in sayar da moto.” Na ce ban amsa masa ba, na ce ya matsa yana tare mini masu saye. Na ce mata in akwai wadda nake jin haushinta, to wadda ta ce ya matsa ce.

Daga nan ban san wa ya fara ba. Mun jiƙa zogalen nan da hawaye har ranar ban sayar ba. Madam ma ta juya tana gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Kada a ce daga ranar komai ya warware, ƙarya ne. Sati biyu bayan haka ta rubuta sunanta a takarda da layi huɗu. Sannan rabin shafi. Wani lokacin ta koma fara fes. A jarrabawar ƙarshe ta yi abin kirki a lissafi, sauran dai ga su nan. Da aka haɗa da sifirin baya, makin bai kai ko na maimaita aji ba. Makin kora ne.

Ranar zaman malamai na ƙarshen shekara iyaye ba sa shiga. Madam ma ba ta da ƙuri’a, takarda kawai aka yarda ta rubuta a karanta. Da safe ta gaya mini diraktan ya ce takardarta ba ta isa ba, ta rubuta “damuwa mai tsanani bayan rashi” kawai, shi kuwa yara marayu sun cika lakwal, in ana so ya karya doka sai ya san takamaimai abin da yarinyar ta faɗa. Ta ce masa ba za ta faɗa ba. Ya ce to shi ma ba zai iya ba.

Na ce, “A wane ɗaki suke?”

“Iya, ba a shiga.”

“Ban tambaye ki ko ana shiga ba.”

Na yi sallama na tura ƙofa. Malamai wajen ashirin, fanka na juyawa, kowa da tarin takardu. Da yawansu na san su tun suna zuwa da gajeren wando su ce in ƙara musu ƙuli. Diraktan ya miƙe.

“Iya, wanga zama na malamai ne.”

“Na sani, Mushe. Ba zama na zo yi ba, a tsaye zan faɗa. Kana son ka ji abin da jikata ta faɗa a ɗakin can. Ba za ka ji ba. Madam ta hana ni ni kaina sati huɗu, kai wane ne? Amma nawa zan faɗa maka, don nawa ne. Ni na rufe wa yarinyar nan baki. Ubanta ya mutu a gabanta a hanyar kawo ta nan, na ƙi kiran sunansa, na ƙi kuka, ta ɗauka na ɗora mata. Wata shida. In kora za ku yi, ni ce mai laifin, ga ni, ku kore ni daga gindin bedi.”

Wani ya yi ƴar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi.

Na ce, “Shekara talatin ina kallon kuna korar irinta, ban taɓa buɗe baki ba. Kun gina ɗaki kun ce a saurari yara. An saurara, yarinya ta fara rubutu. Yanzu za ku ce sauraren bai shiga lissafi ba? To mi ya sa kuka ɓata fenti?”

Diraktan ya ce doka ba shi ya yi ta ba. Sai malamin lissafi, wani mai sanƙo da ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga takardar Uwata ta ƙarshe ya ce shi dai a ajinsa mutum uku ne suka fi ta a wannan jarrabawar, kuma doka ta bar wa zaman malamai damar duba irin wannan. Wata malama ta ce ita ma ta ga canji. Diraktan ya ce in fita za su tattauna. Na ce zan fita, amma ina bakin ƙofa, kuma kunnena lafiya lau.

Ban ji komai ba, da Faransanci suka yi.

Bayan azahar surbeyan ya kawo takarda gindin bedi. Uwata na wurin tana wanke mini kwanoni. Na ce ya ba ta ta karanta da kanta. Ta goge hannu a zane, ta karanta a zuci, ta sake karantawa.

“Mi suka ce?”

“Sun ce in maimaita ajin.”

“Ba kora?”

“Ba kora.” Ta ɓata fuska. “Amma Kaka, da ƙanana za a haɗa ni. Waɗanda nake aika su sayo mini ruwa. Ƙawayena duk za su wuce.”

“Su wuce. Ke gudu kike da wani?”

“Kuma kowa ya san na shiga ɗakin Madam.”

“Ni ma na shiga. Kin ga na fara tsince-tsince a bola?”

Ta yi dariya, ta farko da na ji da ƙarfi tun rasuwar. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Kawunta ya zo da yamma, na faɗa masa. Ya ce shekara guda ta tafi a banza, ga surutun mutane, har a kasuwa an tambaye shi wai ɗiyar wansa ta samu taɓuwa. Na tambaye shi mi ya ce musu. Ya ce shiru ya yi. Na ce to gobe in sun sake tambaya ya ce musu uwarsa ce aka yi wa magani, yarinyar rakiya ta yi. Sannan na ce ya tanadi kaye goma sha biyu na rubutu da biro kafin a koma, masu kyau, ba irin waɗanda takardarsu ke yagewa ba. Ya ce goma sha biyu sun yi yawa. Uwata ta leƙo daga ɗaki ta ce sha huɗu ne, akwai na zane da na Ingilishi.